Danna, riƙe, saki: yadda muka cire wa Prelude iska a tsakar gidan haya

Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Tun ranar da na ɗora hoton motar nan a kan jak ake ta tambayata ta inbos, wasu na cewa hatsari na yi, wasu na cewa sayarwa zan yi. Babu ko ɗaya. Bari in ba da labarin sau ɗaya kowa ya huta.

Duk ɗan Arewan da ke karatu a nan Ibadan ya san motar. Jar Honda Prelude ƙirar 1998, ƙofa biyu, giyar hannu, wadda in ta taso daga Agbowo sai an jiyo ta tun daga bakin get. Ba tawa ba ce, ta Yaya ce. Ya saye ta zamanin samartaka yana ji da kansa. Da ya yi aure aka samu 'yan biyu, Anti ta ce ita ba za ta riƙa naɗe kujera tana cusa yara a baya kamar ƙullin wanki ba. Aka nemi mai saye da daraja aka rasa, don samfurin nan tun 2001 Honda ta daina ƙera shi, kayan gyaransa sai an sha yawo. Shi ne ya miƙo min makulli ranar da zan dawo daga Kano, ya ce, "Amana na ba ka, ba kyauta ba." Kun dai san sauran. Ita ce ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, ita ce ke ɗauko buhun shinkafa daga Bodija lokacin buɗa-bakin azumi, kuma mutum nawa a cikinku suka taɓa naɗewa a kujerar bayan nan gwiwa a haɓa?

Birkin ya fi wata uku yana yi min magana ina share shi. Da farko laushi ya yi, kamar kana taka burodi. Daga baya sai na yi famfo sau biyu kafin ya kama sosai. Sai abin ya zama ɗabi'a, ƙafata ta saba, ina hango go-sulo daga nesa na fara famfo. Kulocin ma ya bi sahu: giya ta ɗaya da ribas sai da ƙarar haƙora suke shiga, musamman da safe. Duk lokacin da na buɗe bonet na ga man birki ya ɗan sauka, sai in ɗauko wata tsohuwar kwalba da ke but tun zamanin Yaya, murfinta ko rufuwa sosai ba ya yi, in tsiyaya in rufe. A ganina na yi gyara.

Abokin ɗakina, ɗan Gombe, mai karanta haɗa magunguna, bai san komai a mota ba, amma shi ke zama a gaba kullum yana kallon ƙafata. Ya yi min magana ya fi sau biyar. Amsata ɗaya ce: "Malam, ni injiniya nake karanta, ka bar min wannan." Allah ya yafe mana.

Ranar wata Juma'a muka nufi Sabo, ni da shi da wasu sababbin ɗalibai biyu 'yan Sakkwato da ke son cin tuwo na gaske. Daga Sango har gangaren da ke kai mutum shataletalen Mokola go-sulo ne, taka birki, saki, taka, saki, rana kuma ta take. Muna cikin gangaren hanya ta ɗan buɗe, na ba ta wuta kaɗan, sai wani ɗan acaba ya tsaya cak a gabana zai sauke wata mata da goyo a bayanta. Na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa babu abin da ya tare ta. Na yi famfo, babu. Na sake yi, ya ɗan kama kaɗan. Na fizgi birkin hannu, bayan motar ya yi ƙara ya goce gefe, muka tsaya. Wallahi tsakanin bamba da ƙafar matar nan bai kai kamu ɗaya ba. Ina ganin hular jaririn, ruwan ɗorawa ce mai ɗan tuntu. Ita matar ba ta ma san me ya faru ba, ta biya kuɗinta ta tsallaka titi.

Cikin motar shiru. Sai abokin ɗakina ya juyo, a gaban yaran nan, ya ce, "Girman kanka da rowarka sai sun kashe wani kafin ka yarda." Ya buɗe ƙofa ya fita ya tari Micra ya koma gida.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne gaskiyarsa. Kwana goma sha ɗaya muka yi a ɗaki ɗaya ba ma magana in ban da sallama. Wanda ya taɓa zaman ɗaki ɗaya da wanda suke gaba ya san yadda abin yake: risho ɗaya, bokiti ɗaya, soket ɗaya, kowa na jan caja a hankali kada ta taɓa ta ɗan uwansa.

Abin da ya ɗaure min kai a ranar shi ne, bayan mun yi kusan minti arba'in a gefen titi ina jiran jikina ya daina rawa, na taka birkin sai na ji ya dawo. Da laushinsa, amma yana kamawa. Na lallaɓa da giya ta biyu muka koma, tuwon da ba a ci ba ke nan. Da dare na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun wata uku baya, kuma kunya ta kama ni, don rabinsa na rubuta shi da hannuna a jarrabawar aji biyu.

Ga abin a taƙaice. In ka taka birki, ƙafarka masta take turawa, masta ya tura mai ta cikin siraran bututu zuwa tayoyi huɗu, man ya matse takalman birki a jikin faranti. Dabarar duka ta dogara ne a kan cewa ruwa ba ya matsuwa, duk ƙarfin da ka sa masa a nan sai ya isar da shi can. Ƙa'idar Pascal ke nan, Bafaranshen nan na ƙarni na 17 da muka haddace don cin maki. Iska kuwa tana matsuwa. In akwai kumfa a cikin bututun, ƙarfin ƙafarka a wajen matse kumfar yake ƙarewa, taya ba ta ji komai ba.

Sai abin da ban taɓa sa wa hankali ba: man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska. A ƙa'idar da aka gindaya, sabon DOT 3 ba zai tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 kuwa 230. Amma in ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari kacal, ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. Birki kuwa zafi yake haifarwa, aikinsa ke nan. To ka haɗa tsohon mai da go-sulo da gangare da zafin rana: man ya tafasa a cikin kalifa, ya zama tururi, tururi kuma ɗan uwan iska ne wajen matsuwa. In ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo kamar bai yi komai ba. Abin da ya same ni a Mokola ke nan.

Nan ne nake so 'yan uwa masu mota ko babur mai birkin mai su tsaya su ji. A gida mun saba da rani mai tsawo, wata bakwai ko takwas iska a bushe ƙayau, har leɓe na tsagewa. A nan kuwa ruwa na farawa tun wajen Maris ko Afrilu har Oktoba, kun ga yadda takalmi ke yin fumfuna a ƙarƙashin gado, gishiri ya jiƙe a cikin roba. Kwalbar da nake ƙari da ita ta yi damina guda cur a but da murfi a sake. Ashe duk ƙarin da nake yi ruwa nake ƙara wa birkina. Masu ƙera motoci yawanci kan ce a canza man gaba ɗaya duk shekara biyu zuwa uku. Na kira Yaya na tambaye shi yaushe rabon da a canza, ya yi dariya ya ce, "Au, ana canza shi ne?"

Me ya sa ban kai wa makaniki ba? Gaskiya biyu ce. Ta farko, ƙarshen semesta ne, aljihu ya yi sanyi. Ta biyu, na taɓa kai wa wani a baya kan laushin nan, ya ɗauko buɗaɗɗiyar kwalba daga kan benci ya ƙara min, ya karɓi kuɗi ya ce an gama. Amma kafin wani ya kwaikwaye ni: sai da na tabbatar babu yoyo. Na leƙa bayan kowace taya, na shafa robobin bututun ko sun tsage ko sun kumbura, na duba ƙarƙashin masta, na cusa kai ƙarƙashin sitiyari na haska inda sandar kuloci ke shiga. Ko'ina a bushe. Na kuma taka birki na riƙe da ƙarfi, bai riƙa zurarewa ƙasa a hankali ba. In naka yana zurarewa haka, ko kana ganin jiƙa a wani wuri, to ba cire iska ne maganinka ba, robobin masta ne ko bututu, ka nemi gwani. Saukar man da nake gani kuwa, takalman birki ne ke cinyewa a hankali, man yana bin su ƙasa.

Ranar Asabar na shiga kasuwar kayan mota ta Gate na sayo kwalba biyu ta DOT 4 masu rabin lita, na duba hatimin bakinsu da kyau. A kula, akwai DOT 5, shi na silikon ne, ba a haɗa shi da waɗannan ko kusa, kada lambar ta ruɗe ka ka ce ai biyar ta fi huɗu. Na sayi babban sirinji a kemis, na samo farin tiyon nan da magina ke auna lebur da shi kamar kamu uku, da gorar ruwa da na huda murfinta, da sufana mai zobe lamba 8 da 10. Jak na mota ne kawai gare ni, don haka na aro guntayen katako masu kauri wajen kafinta na tokare motar, kuma duk tayar da na cire sai in tura ta ƙarƙashi. Kada wanda ya tokare mota da bulon siminti, farfashewa yake ba sallama.

Na fara da zuƙe tsohon man daga kofin masta da sirinji. Launinsa kamar shayin da aka manta a kan wuta. Sabon kuwa garau yake kamar man gyaɗa mai kyau. Na cika kofin, na cire tayar baya ta dama. Yawancin makanikai daga tayar da ta fi nisa da masta suke farawa su ƙare da ta gaban direba, haka na bi. Wasu kamfanoni suna rubuta nasu jerin a littafin mota, in kana da littafin shi za ka bi. A jikin kowace kalifa akwai ɗan ƙaramin noti mai huda a tsakiya da hular roba. Nan za ka sa sufana, ka cusa tiyo a kansa, ɗaya bakin tiyon ya nutse cikin ɗan mai a gindin gora.

Sai a nan na tsaya. Aikin nan, wanda makanikai ke ce wa bilidin, mutum biyu yake so. Ɗaya na ciki yana taka birki, ɗaya na ƙasa yana buɗe noti. Na cikin zai yi famfo sau uku ya riƙe. Na ƙasan ya buɗe noti kaɗan, mai da kumfa su fito, feda ta sauka. Sai ya ɗaure notin tukuna, sannan ya ce a saki. In na cikin ya saki kafin a ɗaure, iska ce za ta koma ciki, an yi aikin baban giwa. Kuma na ƙasa ba ya ganin ƙafar na ciki, maganarsa kawai yake ji.

Mutumina yana ɗaki, ina jiyo shi yana bitar sunayen magunguna. Na ƙi kiransa. Na kira ɗan Mama mai gida, yaro ɗan shekara goma sha biyu, na yi masa bayani da Turanci da 'yar Yarabancin da na tsinta a kasuwa. Ya ce ya gane. Ƙafarsa da ƙyar take kaiwa. In na ce ya riƙe sai ya riƙe, da ya ji feda ta sauka sai ya tsorata ya ɗage ƙafa. Ina kwance ina kallon kumfa tana komawa ciki ta tiyo kamar ana zuƙar lemo da tsinke. Sau huɗu muna haka. Birkin da ke da ɗan laushi ya koma babu shi gaba ɗaya. Na zauna a ƙasa, hannu duk mai, ga hadari yana haɗowa ta gabas.

Ban ji fitowarsa ba. Na dai ji an ce wa yaron, "Tashi, ƙanena, je ka huta." Kujera ta yi baya. Sai shiru. Ni ma na yi shiru, na koma ƙarƙashi na kama sufana. Na ce, "Danna sau uku." Na ji feda tana motsi. Sai ya ce, "Na riƙe."

Maganar farko ke nan da ya yi min a kwana goma sha ɗaya.

Na buɗe. Baƙin mai ya taho da kumfa jere kamar carbi. Na ɗaure. "Saki." "Na saki." "Danna." "Na riƙe." Na sa masa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta riƙa kaiwa har ƙasa, saboda a tsohon masta, in fistin ya shiga inda bai saba zuwa ba, tsatsar wurin na iya yaga robarsa. Wajen zagaye na goma sha biyu man ya fara washewa, ya koma garau babu kumfa ko ɗaya. Muka koma ta baya ta hagu. Notinta ya ƙi motsi, tsatsa ta cinye shi. Na so in sa ƙarfi, ya leƙo ta taga ya ce, "Injiniya, in ka karya shi fa?" Na fesa masa man kwance tsatsa, muka ba shi minti ashirin, na ɗan ƙwanƙwasa sufanar a hankali, ya saki.

A cikin minti ashirin ɗin nan ne muka yi maganar. Ba wata doguwa ba ce. Na ce masa hular jaririn nan ta hana ni barci. Ya ce shi ma bai kamata ya faɗa min a gaban yara ba, amma bai janye ko kalma ɗaya ba. Na ce ban nemi ya janye ba.

To daga nan sai hira ta ɓarke, bashin kwana goma sha ɗaya. Wane ne ya samu kariyoba, wace ce aka kai kuɗin aurenta, wane lakcara ne ya ce ba zai sa hannu a furojet ba. Muna taya ta uku, ta gaba ta dama, ina buɗewa ina ɗaurewa ina dariya, sai muka ji wani sauti daga bonet kamar ƙarshen kunu a kofi. Na miƙe da gudu. Kofin masta ya ƙafe ƙaf. Ka'idar ita ce duk bayan zagaye biyar ko shida ka tashi ka duba ka cika, kada ya taɓa sauka ƙasa da layin ƙasa. Ni na manta, kuma masta ya zuƙi iska tun daga sama. Wato duk aikin da muka yi tun hantsi ya tashi a banza, sai an koma taya ta farko.

Na jira ya yi magana. Ya dube ni, ya dubi kofin, ya ce, "Cika mu koma." Daga nan shi ya karɓi ƙidaya, duk zagaye na biyar sai ya ce, "Je ka duba kofinka." Ruwa ya sauko muna taya ta biyu, Mama mai gida ta aiko da babbar lema, yaron nata ya riƙe a kan bonet don kada ɗigo ko ɗaya ya faɗa cikin man. Sai bayan la'asar muka gama huɗun, kwalba ta biyu ta kusa rabi.

Kuloci bai ɗauki lokaci ba amma yana da nasa halin. A Prelude kofinsa daban ne, ɗan ƙarami kusa da na birki, mai iri ɗaya suke sha. Notinsa yana jikin mastan ƙasa, wanda ke manne da giyabos. Abu biyu: kofin ƙarami ne ƙwarai, zagaye uku ya ƙafe, don haka cikawa ba ƙaƙƙautawa. Na biyu, in ka buɗe noti fedar kuloci ta sauka, ba ta dawowa da kanta, sai an sa hannu an ɗago ta. Mutumina bai sani ba, na manta ban faɗa masa ba. Sai ji na yi ya ce, "Innalillahi, na karya!" Na yi dariya har sufana ta faɗo min a goshi. Man da ya fito daga nan ya fi na birki baƙi, kamar an jiƙa gawayi.

Da muka mayar da tayoyi muka ɗaure notuna, na shiga na taka birki injin a kashe. Tauri kamar dutse, tun daga sama. Na riƙe rabin minti, bai motsa ba. Na tayar da injin, ya ɗan sauka kaɗan, wannan daidai ne, busta ce ta fara aiki. Na taka kuloci na sa ribas, ta shige ba ƙara. Muka sake bin notunan biyar ɗaya bayan ɗaya muna duba ko akwai jiƙa, sannan muka fita layinmu a hankali, taka, tsaya, taka, tsaya, kafin mu hau babban titi. Tsohon man na ɗure shi a gora na rufe na kai wa masu gareji, don guba ne, ga kajin Mama suna yawo a tsakar gida.

Juma'ar da ta biyo baya muka koma Sabo, da yaran Sakkwaton nan biyu, don bashin tuwo. Da muka iso gangaren Mokola na lura hannun mutumina yana kan birkin hannu. Ban ce komai ba. Har yau in muka zo wurin nan hannunsa na kai, kuma na daina jin haushi.

Tiyo da sirinji da sufanu suna nan ɗakinmu a Agbowo, duk mai so ya zo ya ara, amma ya taho da wanda zai taka masa, kuma ya sayo sabuwar kwalba mai hatimi. Ragowar tawa ba zan ba kowa ba, na riga na buɗe ta.

Abu na ƙarshe. Man birki yana cin fenti, in ya zuba a jikin mota a wanke da ruwa nan take. Lokacin da na miƙe da gudun nan na ɗiga kaɗan a kan fenda ta hagu ban lura ba sai washegari. Yanzu akwai wani ɗan tabo kamar taswirar Jigawa a wurin. Yaya bai sani ba tukuna, sai na je hutu zan faɗa masa baki da baki. Don Allah kada wanda ya yi tagin ɗinsa a nan.